Makarantar ɗariƙa ɗaya ko ta haɗaka: inda matashin Bayahude zai ci gaba da karatu bayan shekara 13

Yaron Bayahude yana cika shekara 13 sai a yi masa bikin bar mitzva, ya tsaya a gaban jama'a a majami'a ya karanta wani yanki na Attaura da Ibrananci. Yarinya nata bikin bat mitzva ne, a shekara 12 ko 13, gwargwadon ɗariƙar gidansu. Daga ranar hukuncin addini ya hau kansu. Kukan da malaman Yahudawa a Amurka suka daɗe suna yi shi ne, a gidaje da yawa ranar bikin ita ce ranar ajiye allo. Yaro ya yi shekaru yana zuwa karatun yamma don ya iya karatun bikinsa, an yi biki an watse, shi ke nan. Alhali tsakanin shekara 14 da 18 ne yake fara tambayoyin da ke da nauyi: me ya sa muke yin kaza, me ya sa gidan abokina ba sa yi, wane ne a kan daidai.

Iyayen da ba su yarda karatun ya tsaya nan ba sukan iske kansu a mararraba. Ko dai su bar ɗansu cikin ɗariƙarsu, ko su kai shi inda ake tara 'ya'yan ɗariƙu daban-daban a aji ɗaya.

Sai an san ɗariƙun kafin a gane nauyin zaɓin. 'Yan Otodoks sun riƙe cewa Attaura da bayaninta na baka saukakku ne daga Allah a Dutsen Sina'i, kuma halaka, wato fiƙihunsu, wajibi ce a kan kowa. A cikinsu akwai Haredi masu nesanta kansu da al'adun zamani, akwai kuma masu haɗa riƙon halaka da karatun jami'a. Ɗariƙar Rifom ta tsiro a Jamus a farkon ƙarni na 19, ta yi ƙarfi a Amurka bayan Isaac Mayer Wise ya kafa kwalejin horar da malamanta a Cincinnati a 1875. A wajenta mutum ne ke nazari ya zaɓi abin da zai riƙe na ibada. Konsabatib, wadda ake kira Masorti a wajen Arewacin Amurka, tana tsakiya: halaka wajibi ce, amma malamai na iya sake duba ta bisa canjin zamani. Akwai kuma ƙaramar ɗariƙar da ta fito daga koyarwar Mordecai Kaplan, mai kallon Yahudanci a matsayin wayewar al'umma da ke ci gaba da girma. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na manyan Yahudawan Amurka 'yan Rifom ne, 17 Konsabatib, 9 Otodoks, sai kashi 32 da ba su jingina kansu da kowace ɗariƙa ba. 

Abin da ɗariƙa ɗaya ke bayarwa

Makarantar ɗariƙa ɗaya tana da abin da ba a raina shi: bakinta ɗaya da gida. Abin da uwa ta hana a kicin shi malami ya hana a aji. Littafin addu'a ɗaya ne, waƙoƙin iri ɗaya, ranakun hutu iri ɗaya. Ba a ɓata lokaci wajen sasanta yadda za a fara, don haka karatu yana nisa. Yaron da ya yi shekara huɗu a sakandaren Otodoks yakan fita yana iya buɗe shafin Talmud, babban littafin muhawarar malamansu na da, da Aramiyanci ya bi muhawarar da ke ciki da kansa, kuma wuya ne makarantar haɗaka ta kai shi nan cikin lokaci guda. Kowace ɗariƙa tana da ƙungiyar matasanta: NFTY ta Rifom tun 1939, USY ta Konsabatib tun 1951, NCSY ta Otodoks tun 1954. Konsabatib suna da sansanonin hutun bazara na Ramah, na farko an buɗe shi a Wisconsin a 1947.

Raunin yana bayyana ne ranar da yaron ya bar gida. A jami'a zai zauna ɗaki ɗaya da Bayahude ɗan'uwansa mai cin abin da shi ba ya ci, ko mai ƙin taɓa makunnin wuta ranar Asabar, ranar hutun addininsu, kuma duk abin da ya sani game da shi labari ne daga bakin waɗanda ba sa ra'ayinsa. Wasu sukan ƙanƙame nasu da raini, wasu kuma tambaya ɗaya mai kaifi ta isa ta girgiza su, don ba a taɓa yi musu ita a inda akwai malamin da zai taya su tunani ba.

Makarantar haɗaka ta yini, mai haɗa boko da addini a ƙarƙashin rufi ɗaya, don wannan giɓin aka yi ta. Ta daɗe: Akiba Hebrew Academy a Filadelfiya, wadda yanzu ake kira Jack M. Barrack Hebrew Academy, ta fara a 1946. Gann Academy kusa da Boston ta fara a 1997, JCoSS a arewacin Landan ta buɗe a 2010. Hujjar masu wannan hanya daga cikin al'adar kanta suke ɗauko ta. Talmud cike yake da saɓanin almajiran Hillel da na Shammai, manyan malamansu biyu na da, kuma ya ruwaito cewa maganar ɓangarorin biyu duk maganar Allah Rayayye ce, ko da yake a aikace hukuncin Hillel ake bi. Wannan rabin na biyu shi ne wurin wahala. Ra'ayi biyu na iya zama a littafi ɗaya, amma ranar Talata da ƙarfe 12 tukunya ɗaya za a ɗora, kuma dole wani ya yanke abin da za a zuba a ciki. Duk mai auna makarantar haɗaka, tambayar da ya kamata ya riƙe a kowane ɗaki ita ce: a nan wa ke haƙuri, kuma an gaya masa tun kafin ya biya kuɗi?

Kicin

Abinci ne mafi sauƙin sasantawa, shi ya sa ake farawa da shi. Dokar kosha, wato dokar abincin halal ta Yahudawa, ta hana haɗa nama da madara, ba a girki kaɗai ba, har a tukwane, wuƙaƙe, faranti da soson wanke-wanke. Bayan cin nama da yawa sukan jira awa 6 kafin su taɓa madara, zuriyar Yahudawan Jamus awa 3, na Holan awa 1. Nama sai yankan mahaucin da ya ƙware a ƙa'idar, alade da kifin da ba shi da ƙege (fiffiken kifi) da ɓawo haramun ne. Ƙa'idar da ke aiki a makarantun haɗaka ita ce a bi mafi tsananin hukunci a duk abincin da za a ci tare, domin ɗan Rifom ba ya rasa komai na aƙidarsa in ya ci kosha, amma ɗan Otodoks in ba kosha ba ne da yunwa zai wuni.

Inda ake tuntuɓe ƙananan wurare ne. Uwa ta toya kek a gida don ranar haihuwar 'yarta, ta aiko da shi aji da zuciya ɗaya, sai yara uku su ƙi ci saboda ba su san tandar gidan ba. Yarinyar ta ji an ce gidansu ba shi da tsarki, magana ta kai ga iyaye. Maganin shi ne doka a rubuce tun farkon shekara: abin da za a raba wa aji sai wanda ya zo a rufe daga kanti da hatimin hukumar tantance kosha, kuma makaranta ta lissafa hatiman da ta yarda da su, don ba duka Otodoks ke amincewa da su ba. Cuku ma wurin saɓani ne, malaman Konsabatib sun sassauta a kansa, na Otodoks suna neman hatimi. Abincin da yaro ya kawo don kansa, makarantu da yawa sukan ce ya zama na madara ko na ganye, kada nama ya shigo. Na'urar ɗumama abinci a tanadi biyu da alama a jikinsu, ko a nannaɗe kwano ninki biyu kafin a saka. Makarantar da ta ce kicin ɗinta kosha ne amma ba ta iya faɗin sunan mai sa ido a kai ba, iyalin Otodoks su ɗauka ba a yi da su ba.

Ɗakin addu'a, inda dabarar kicin ba ta aiki

Kuskuren da sababbin shugabannin makarantu ke yawan yi shi ne su ɗauko ƙa'idar kicin su kai ta ɗakin ibada, su ce a bi mafi tsanani kowa ya huta. A nan ba ta ci. Addu'ar jam'i tana buƙatar minyan, mutum goma da suka balaga. A wajen Otodoks maza goma ne, da shamaki tsakanin maza da mata, kuma namiji ke ja gaba. Rifom sun naɗa mace ta farko a matsayin rabbi, wato malamin addini, a Amurka, Sally Priesand, a 1972. Konsabatib sun yarda a ƙirga mata cikin goma a 1973, suka naɗa tasu ta farko a 1985. Yarinyar da ta tashi tana ganin mace a kan mumbari, wadda ita kanta ta karanta Attaura a bikinta, in aka ce ta koma bayan labule, ba sassauci aka nema daga gare ta ba, an taɓa abin da ta ɗauka addini ne. Ɓangarorin biyu kowa a kan aƙida yake tsaye, kuma babu wanda ya fi wani tsanani.

Har kalmomin addu'ar sun bambanta. A babbar addu'ar tsayuwa Otodoks suna ambaton Ibrahim, Ishaƙu da Yaƙubu. Rifom da yawancin Konsabatib na yau sukan ƙara da Saratu, Rifkatu, Rahila da Lai'atu. Inda tsohon nassi ya yabi Allah da rayar da matattu, littattafan Rifom sun daɗe suna cewa Mai rayar da komai.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a raba ɗakuna a lokaci ɗaya: ɗaki mai shamaki, ɗakin da maza da mata ke jagoranci daidai, ɗaki mai waƙa da harshen gari, da zauren tattaunawa ga waɗanda ba su gamsu da addu'a ba tukuna. Amma wannan lissafi ne kafin ya zama aƙida. A ce aji na da ɗalibai 40, takwas daga gidajen Otodoks, huɗu cikinsu mata. Ɗakin shamaki ba zai taɓa cika goma ba sai an roƙi yara maza daga wasu ɗakunan, kuma ranar Litinin da Alhamis da ake fito da naɗaɗɗen littafin Attaura, in goma ba su cika ba, ba za a karanta ba. Yaran da ake jawowa kullum don cika adadi sukan gaji, 'yan matan da ke zaune ana ƙirge a tsallake su suna gani. Don haka ƙaramar makaranta ta haɗa dukan azuzuwa a lokacin addu'a, ta kuma sa malamai maza cikin lissafi. Wasu wurare sukan gwada raba ɗaki uku, maza, mata, da gauraye a tsakiya. Yana warware wurin zama, amma bai amsa wa zai ja addu'a ba. Wasu kuma sun kwaikwayi tsarin majami'ar Shira Hadasha da aka kafa a Birnin Ƙudus a 2002, inda akwai shamaki amma mata na karanta Attaura su kuma ja wasu sassa, ana jiran maza goma da mata goma. Tsari ne mai kyau ga masu son sa, sai dai malaman Otodoks da yawa ba su amince da shi ba, kuma jiran mutum ashirin ya fi jiran goma wuya.

A ganina makarantar da ta raba ɗakuna tana da bashi ɗaya a kan ɗalibanta: ta sa kowa ya ziyarci ɗakin da ba nasa ba aƙalla sau ɗaya a zango, a matsayin baƙo mai kallo, sannan a zauna a yi magana. In ba haka ba, makarantu huɗu ne a gini ɗaya.

Daga faɗuwar ranar Juma'a

Asabar tana shiga da kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwar rana ranar Juma'a, ta fita da bayyanar taurari uku ranar Asabar da dare, kimanin awa 25. A Landan cikin Disamba tana shiga tun kafin ƙarfe 4 na yamma, shi ya sa ake tashi makaranta da wuri. Kusan duk shirin haɗaka yana da kwanan Asabar tare, kuma a nan ake ƙulla abota ko a ɓata ta. Ƙa'idar da aka fi bi: a zaure, ɗakin cin abinci da fili ana kiyaye Asabar cikakkiya, ba waya, ba rubutu, ba kiɗa. A ɗakin kwana kowa da abin da ya saba.

Shiri ne na hannu. A manna tef a kan makunnin wutar banɗaki don kada wani ya kashe da mantuwa ya bar abokinsa cikin duhu har gobe. A bincika ko ƙofofin masaukin da kati suke buɗewa, a nemi makullin ƙarfe. Famfo da fitilar da ke kunna kansu in mutum ya gifta matsala ne. Abinci a gama dafa shi kafin rana ta faɗi, a bar shi kan farantin ɗumama da aka kunna tun Juma'a. In gine-ginen a rarrabe suke, sai an kewaye su da eruv, iyakar igiya da sanduna da ke halatta ɗaukar kaya tsakaninsu, kuma wanda ya san hukuncin ya duba ta kafin yamma. A rarraba ɗakunan kwana da tambaya tun a takardar rajista, kada a haɗa mai kallon waya da dare da wanda hasken zai dame shi a addini.

Sai jita. Ga ɗan Rifom da ya tashi a sansanin ɗariƙarsu, maraba da Asabar ba tare da jita ba kamar biki ne ba kiɗa. Mafita mai adalci ita ce a fara waƙoƙin da kayan kiɗa tun da sauran rana, a ajiye su in lokacin kyandir ya yi, a ci gaba da baka, sannan a dawo da su a addu'ar rufewa ranar Asabar da dare. A duba kalanda kuma: a wajen Isra'ila Otodoks da Konsabatib suna yin Idin Ƙetarewa kwana 8, yawancin Rifom kwana 7. Jarrabawa ko wasan ƙwallo a rana ta biyu ta idi ya fitar da wasu yara ke nan.

Wane ne Bayahude

Wannan ita ce tambayar da ta fi sa hawaye, kuma iyaye da yawa ba sa yin ta sai ta fashe. A halakar Otodoks da Konsabatib, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce ko wanda ya shiga addinin bisa ƙa'ida. A 1983 malaman Rifom na Amurka suka yanke cewa ɗan da ɗaya daga iyayensa Bayahude ne, uwa ko uba, ana ɗaukarsa Bayahude in an rene shi a haka a bayyane. Otodoks kuma galibi ba sa karɓar shiga addinin da aka yi a hannun malaman sauran ɗariƙu. Ba ƙaramin adadi ake magana ba: Pew ta gano kashi 61 cikin ɗari na Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken, wanda ba Bayahude ba suka aura.

A Birtaniya maganar har kotu. Makarantar JFS ta Landan, wadda ke bin hukuncin Babban Rabbi na Otodoks, ta ƙi ba wani yaro fifikon shiga saboda mahaifiyarsa ta shiga Yahudanci ta hannun da ba na Otodoks ba. A Disamba 2009 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce auna ɗalibi da zuriyar uwa wariya ce ta asali a ƙarƙashin dokar 1976. Tun daga nan makarantun Yahudawa a can da shaidar halartar ibada da hidimar al'umma suke auna masu neman shiga.

Makarantar haɗaka takan karɓi duk wanda wata ɗariƙa ta yarda Bayahude ne. A ƙofa ke nan. A ɗakin shamaki fa, ranar da aka ƙirga tara, ga yaro na goma a tsaye, mahaifinsa Bayahude, mahaifiyarsa ba Bayahudiya ba? In wani ɗalibi ɗan shekara 15 ne zai gaya masa ba a ƙirga shi, makaranta ta gaza, kuma irin wannan rauni yakan bi mutum shekaru. Shugaban makaranta ne ya kamata ya zauna da iyayen tun lokacin rajista, ya faɗa musu ƙarara ɗakin da za a ƙirga ɗansu da wanda ba za a ƙirga shi ba, sannan babban malami ya riƙe ƙirgen da kansa a asirce. Iyalin da ke cikin wannan hali su yi tambayar da bakinsu, su nemi amsa a rubuce.

A cikin aji

Hanyar karatun da ta fi dacewa da haɗaka tsohuwa ce: havruta, ɗalibai biyu su sa nassi a gaba suna karantawa da ƙarfi suna ja-in-ja kafin malami ya tara aji. In aka haɗa 'yar gidan Otodoks da ɗan gidan da ba ruwansa da majami'a, ita ta san abin da masu sharhi suka ce, shi kuma yakan yi tambayar da ita ba ta taɓa tunanin an halatta yi ba. Minti 20 na havruta da minti 25 na tattaunawa tsari ne mai aiki a darasin minti 45.

Matsala ta farko Ibrananci ce. Ɗaya ya yi shekara takwas a firamaren Yahudawa, ɗaya da ƙyar yake haɗa haruffa 22. In an zuba su aji ɗaya bisa shekaru, na farko zai yi barci, na biyu zai yi shiru. A raba azuzuwan harshe da na nassi bisa gwajin iyawa, aƙalla mataki uku, amma a haɗe su a darasin tarihi, ɗa'a da tunani, inda kowa ke da abin faɗa. In an raba komai bisa iyawa, sai a wayi gari manyan azuzuwa duk 'ya'yan masu riƙon addini ne, a koyar da yara ba da baki ba cewa akwai Yahudawan gaske da na jabu. Akasin haka ma yana faruwa: ɗan Otodoks ɗaya tilo a aji ya zama abin nuni, kowace tambaya a juyo gare shi ya kare al'umma guda.

Ta biyu ita ce asalin Attaura. Maimonides, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya lissafa imani da saukarta ga Annabi Musa cikin ginshiƙan aƙida 13. Masu nazarin jami'a tun ƙarni na 19, irin su Julius Wellhausen, suna ganin an harhaɗa ta ne daga rubuce-rubuce daban-daban, kuma kwalejojin Rifom da Konsabatib suna koyar da wannan. Makarantar kirki takan jinkirta batun zuwa manyan azuzuwa, ta sanar da iyaye, ta kuma sa kowane ra'ayi ya fito daga bakin malamin da ya yarda da shi. Malami ɗaya da ke bayanin ra'ayin da yake rainawa, yara suna jin rainin a muryarsa. Shi ya sa jerin malaman makaranta ya fi takardar manufarta faɗin gaskiya. In duk masu koyar da addini daga kwaleji ɗaya suka fito, makarantar ta ɗariƙa ce da ta canza allon ƙofa.

Kada kuma a yi tsammanin kowa zai zo. Tun 1956 shugabannin manyan makarantun Otodoks goma sha ɗaya a Amurka suka hana shiga majalisun haɗin gwiwa da malaman Rifom da Konsabatib, kuma gidajen Haredi kusan ba sa kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu. A birnin da ke da sakandaren Otodoks mai ƙarfi, 'yan kaɗan ne za su zaɓi haɗaka. A ƙaramin gari da al'umma ba za ta iya riƙe makaranta biyu ba, a nan ake samun cakuɗa ta gaske, don dole ta sa.

Awa nawa, kuɗi nawa

Makarantar yini tana ba darussan addini da Ibrananci awa 2 zuwa 3 a rana. A kwana kamar 170 na shekarar karatu, awa 340 zuwa 510 ke nan. Kuɗinta a manyan biranen Amurka yakan haura dala 30,000 a shekara, a wasu na New York ya wuce 50,000, ko da yake akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila lissafin daban ne, domin JCoSS da JFS gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, gudummawa kawai ake roƙon iyaye. A duba lafiyar asusun makaranta kafin a sa yaro: American Hebrew Academy, makarantar kwana ta haɗaka da aka buɗe a Greensboro a 2001, ta rufe a 2019 saboda kuɗi da ƙarancin ɗalibai, yara suka koma neman wuri a tsakiyar karatunsu.

Makarantar yamma ta haɗin gwiwa, kamar yadda yaro ke zuwa Islamiyya bayan boko, ita ce mai sauƙin kuɗi. Majami'u uku ko huɗu da kowace ke da matasa goma su haɗa su wuri ɗaya, dare ɗaya a mako ko safiyar Lahadi. Prozdor ta Hebrew College a Boston tsohon misali ce. Awa 3 a mako na mako 28 awa 84 ne kacal, bai kai rubu'in na makarantar yini ba, don haka ba za ta koyar da Talmud daga tushe ba. Amfaninta shi ne yaro ya ga sa'o'insa da yawa. Abin da ke rusa ta yawanci ba aƙida ba ce: kowace majami'a na tsoron a janye mata 'ya'ya. A rubuta yarjejeniya kan rabon kuɗi bisa yawan ɗalibai, a yi karatun a zauren al'umma da ba na kowa ba ko a riƙa zagayawa, a bar wa kowane rabbi awa guda a wata da nasa yaran.

BBYO, wadda tushenta ya faro a Omaha a 1924, ƙungiyar matasa ce ta haɗaka da yaran ke jagorantar kansu. Tana da ƙarfi wajen abota da shugabanci, karatun nassi kuwa kaɗan ne. A ɗaya gefen akwai shirye-shirye masu tace ɗalibai, kamar Bronfman Fellowship da aka fara a 1987, mai ɗaukar matasa 26 daga Arewacin Amurka a shekara don karatu mai zurfi. Waɗannan ƙari ne a kan tushe, ba sa maye gurbinsa. A Isra'ila kuwa tsagar ta fi zama tsakanin masu addini da marasa riƙonsa, tun da dokar ilimi ta 1953 ta raba makarantun gwamnati gida biyu. Makarantar Keshet a Birnin Ƙudus, da aka kafa a 1995, tana zaunar da 'ya'yan ɓangarorin biyu a aji ɗaya.

Wa ya dace da wanne

Abin da gida ke bayarwa shi ke yanke hukunci. Yaron da gidansu ke kiyaye Asabar, ya san addu'o'insa, yana kuma da tambayoyi, haɗaka za ta ƙara masa, domin yana da abin kawowa teburin. Yaron da ya zo hannu wofi, in aka jera masa hanyoyi huɗu tun bai taka ko ɗaya ba, sau da yawa sai ya ɗauka duk ɗaya ne, ya bar su duka. Irin wannan ya fi buƙatar ƙafa ɗaya a wuri tabbatacce, ko sansanin ɗariƙa na mako huɗu a bazara ko majami'a guda da ya saba da ita, sannan ɗaya ƙafar a haɗaka. Iyalin da burinsu ɗansu ya ƙware a Talmud ya wuce babbar makarantar addini, sakandaren ɗariƙarsu ta fi kai shi, sai su nema masa cuɗanya ta hanyar ƙungiya ko shirin bazara. Iyalin da uba da uwa ɗariƙarsu daban, ko ɗaya ba Bayahude ba ne, haɗaka ce ta fi ba ɗansu wurin tsayawa, da sharaɗin an amsa musu maganar ƙirge.

Kafin a sa hannu, gani ya kori ji. A je ranar Litinin ko Alhamis da sassafe, ba ranar da aka ware wa baƙi ba. A leƙa kowane ɗakin addu'a a ƙirga kawuna, a ga ko ɗakin shamaki ya cika goma ba tare da an bi baranda ana farautar yara ba, a ga ko ɗaki mai waƙa yana da malami ko an bar shi da wayoyi. A shiga kicin a tambayi mai girki inda wuƙar nama take. A nemi shugaba ya faɗi rikici na ƙarshe da aka yi tsakanin ɗariƙu da yadda aka kashe shi. In ya ce ba a taɓa yi ba, a sake tambaya ɗalibai nawa ne daga gidajen Otodoks suka yi rajista bana. Lokacin cin abincin rana kuma a tsaya a bakin ƙofar zaure minti biyar, a duba ko masu hular kippa suna tebur ɗaya da marasa ita.